Abin da Aka Rubuta a Gindin Faranti

Salamu alaikum Anti mai wannan shafi. Don girman Allah in za ki saka labarin nan ki goge sunan da ya fito a sama, ki goge hoton, wayar ba tawa ba ce. Ku ma masu karantawa, ko wani ya gane ni, na haɗa shi da Allah ya yi shiru. In maganar nan ta riga ni zuwa gidanmu na shiga uku. Ban yi nisa a karatu ba, in kun ga kuskure ku yi haƙuri.

Akwai wata malama a nan Yelwa, sunanta Malama Amatullah. 'Yan aji biyu take koyarwa a wata firamare. 'Yar siririya ce, ba ta da murya, in tana magana sai ka matso kusa. Ko akuya ce ta shigo aji, lallaɓa ta take yi ta fita.

In an tashi yara da rana, ita ba ta tafiya gida. Sai ta zauna a barandar aji. Lokacin nan ɗaliban jami'a suna cikin lacca, kasuwar bakin ƙofar jami'ar ta yi sanyi. Sai 'yan talla su sulalo ɗaya bayan ɗaya, mai gyaɗa, mai awara, mai dafaffen ƙwai. Su goma sha huɗu. Su sauke kaya, ta koya musu karatu na awa ɗaya, su ɗauka su koma.

To amma littafi fa? Yarinyar da aka ga littafi a hannunta a gida, tambaya za ta sha. Wa ya ba ki? Tallan kike yi ko yawo?

Sai Malama ta yi dabara. Ta samo ragowar baƙin fentin allo, ta shafe gindin farantin kowace yarinya. Faranti ya zama allo. Ta sama gyaɗa, ta ƙasa karatu. Da alli ake rubutawa a zagaye, gefe-gefe, don tsakiya wurin gammo ne, yana gogewa. In yarinya ta zauna jiran ciniki sai ta juye gyaɗar a leda, ta kifa faranti ta yi bita. Wa yake leƙa gindin farantin 'yar talla? Babu.

Shekara guda ana haka. Rannan hedimasta, Malam Mansir, ya kira ta ofis. Shi ba mugu ba ne, tsoro ne da shi.

Ya ce, "Malama, ni fa ba ƙi nake yi ba. Amma in wani abu ya samu yaran nan a cikin harabar nan, wa za a kama? Ni. Ki kawo mini takardar izini daga ofishin ilimi kafin hutun nan. In babu, mai gadi zai riƙa rufe ƙofa da an tashi."

Wadda take sa hannu a irin takardar sunanta Madam Agnes Bakari. Sau uku Malama tana zuwa ofishin. Na farko aka ce tana mitin. Na biyu aka ce ta fita zagayen makarantu. Na uku ma ba ta wuce bencin jira ba.

Saura sati biyu a yi hutu, sai ga wasiƙa ta zo makaranta. Wai za a yi taron shugabanci na mata masu aikin ilimi, a wani otal a cikin gari, ranar Asabar, kowace makaranta ta tura mace ɗaya. Manyan malamai mata duk suna da biki ranar. Sai aka waiwayo Malama.

Ta ce, "Ni? Ranka ya daɗe, ban taɓa zuwa irin wurin nan ba."

Malam Mansir ya juyo mata da wasiƙar, ya ɗora yatsa a ƙasa. "Karanta sunan babbar baƙuwa."

Madam Agnes Bakari.

A wasiƙar an ce kowa ta zo da abin da zai nuna aikinta. Malam Mansir ya ce irin wanda ake haskawa a bango da kwamfuta suke nufi. Malama ba ta da kwamfuta. Abin da take da shi faranti ne.

Sai ta kira wata yarinya a cikin 'yan tallan, wadda hannunta ya fi kyau. Ba zan faɗi sunanta ba. Ta ce mata, "Ki wanke gindin farantinki, ki rubuta sunayenku ku goma sha huɗu, a hankali, ki kawo mini Asabar da safe." Yarinyar ta rubuta, ta naɗe shi a ɗankwali, ta ce wa Goggonta maƙwabta ne suka ara za su yi suna. Allah ya yafe mata wannan.

Malama ta karɓa a bakin titi tana sauri, ko buɗewa ba ta yi ba. Ta hau keke ta rungume shi a ƙirji har cikin gari.

Tun daga ƙofar otal ɗin ta ga wurin ba irin nata ba ne. Motoci jere. Mata sai ƙamshi, leshi yana ɗaukar ido, kowa da kati rataye a wuya da jakar kwamfuta a kafaɗa. Ita kuwa atamfarta ta sallar bara ce, da hijabi ruwan toka.

Mai gadi ya ce sai ta buɗe ƙunshin. Ta kwance ɗankwalin, ta riƙe farantin fuskarsa sama, ta tallafe shi da yatsu don kar allin ya goge.

A haka Hajiya Khadijatu Jalo ta gan ta. Ita ce shugabar masu shirya taron, tana da makarantar kuɗi a cikin gari. Waya biyu a hannunta, tana tafe tana faɗa.

"Ke! Sai yanzu? Mutum uku na ce a turo mini masu rabo, biyu na gani."

"Hajiya, ni ai..."

"Ba na son ai. Baƙi sun zauna babu ruwa. Ku ɗora mata!"

Kafin ta haɗiye yawu an jera mata robobin ruwa masu sanyi a kan farantin, an tura ta ciki.

Wasiƙar tana cikin jakarta fa. Ciro ta kawai za ta yi. Amma da ta shiga ta ji sanyin ɗakin, ta ji Turanci yana fita daga lasifika kamar ruwan famfo, ta ga mata sun fi ɗari suna rubutu, sai ta bar wasiƙar a inda take. A ranta ta ce, bari na raba wannan, sai na faɗa.

Ta raba. Aka sake ɗora mata.

"Mai ruwa, nan!"

"Ke, ba mai sanyi sosai?"

Wata tsohuwar malama ce kawai ta dube ta ta ce, "Sannu 'yata, Allah ya yi miki albarka."

Sau uku tana wucewa ta teburin rajista. Duk an kwashe katuna, saura guda ɗaya kwance shi kaɗai. Ta karanta shi da gefen ido: Amatullah Mika'ilu. Ta wuce shi da ruwa a hannu.

Ba rainin ne ya fi damunta ba. Robobin nan gumi suke yi. Ruwan yana taruwa a faranti, yana bin baki, yana gangarawa ƙasa. Da ta dubi tafin hannunta sai ta ga ya yi fari. Allin ne yake narkewa. Kowane zagaye ta yi, sunan wata yarinya yana tafiya. Kuma ba halin ta kifa ta duba, kaya ne a kai.

A kan mumbari wata mai jawabi tana cewa, rabi Turanci rabi Hausa, "Mace in tana jira sai an ce mata bismillah ga kujera, to za ta tsufa a tsaye." Aka yi tafi. Malama ba ta da hannun tafi. Amma maganar ta shige ta.

Da aka tsaya shan shayi, Hajiya Khadijatu ta yafito ta. "Kai wa manya. Ki kula, kar ki zubar."

Teburin manya yana can sama, an lulluɓe shi da ƙyalle shuɗi mai duhu. Ga Madam Agnes a tsakiya, dattijuwa, gashinta ya yi fari, tabarau rataye a ƙirji. Matar da Malama ta yi sawu uku ba ta gani ba, yau ga ta, taku ɗaya tsakaninsu. Malama ta miƙa mata ruwa.

Madam ta murɗa murfin ya ƙi. Ta ce, "Buɗe mini, 'yata, yatsun nan sun yi ritaya kafin ni."

Ba yadda za a buɗe roba da faranti a hannu. Malama ta ajiye shi a kan tebur, ta buɗe, ta sauke sauran robobin. Da ta ɗaga farantin, sai ga farin zagaye kwance a kan shuɗin ƙyalle.

Hajiya Khadijatu ta taho da gudu. "Innalillahi! Wane irin ƙazamin faranti ne wannan? A gaban manya? Ƙyallen aro ne fa!" Ta ciro hankici.

Malama ta kifa farantin ta duba. Gindin ya dame, babu abin da ya rage sai dabbare-dabbare. Abin da bai narke ba, ƙyallen ya kwashe. Duk duniya nan kaɗai sunayen suka rage, ga kuma hankici yana sauka a kai.

Ba ta san lokacin da ta riƙe hannun Hajiya ba.

"Hajiya, kar ki goge!"

Ashe abin maganar da yake kan teburin a kunne yake. Muryar da ko akuya ba ta kora, ita ce ta cika ɗakin nan. Masu shayi suka tsaya da kofi a hannu.

Hajiya ta ce, "Ni kika riƙe? Ke wa ya turo ki ma?"

Madam Agnes ta ɗaga hannu. Ta saka tabarau, ta sunkuya a kan ƙyallen, ta daɗe tana dubawa.

Ta ce, "Hajiya, dakata. Wannan ba datti ba ne. Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da 'yan aji ɗaya a Bogoro, kullum suna juya mini haruffa baibai. Rubutu ne wannan, ya kwanta a juye. Kuma hannun yaro ne." Ta ɗago. "Idona ya tsufa. Ɗazu na ga kina duba janbaki, ara mana madubin."

Aka ɗan yi dariya ƙasa-ƙasa. Hajiya ba yadda za ta yi, ta buɗe jaka ta ciro madubin hoda.

Madam ta ce, "Ke ce mai makaranta. Kara shi a gefe, ki karanta mana."

Hajiya ta kara madubi. A cikinsa haruffan suka miƙe daidai. Ta fara karantawa da ƙyar, kamar an sa ta shan magani. Suna ɗaya. Na biyu. Na uku. Guda tara ne suka fito, biyar ruwa ya cinye. Ba zan jera su ba, kun san dalili.

Sai ta ce, "Akwai wani abu a ƙarshe, ƙanana ne haruffan." Ta matso da madubin. "Malama... kar ki ji... soro."

Wata daga baya ta ce, "Soro kuma? Na ƙofar gida?"

Ɗaki ya ɗauki dariya. Madam Agnes ta yi dariya har da share ido. Ta ce, "Tsoro take nufi. Ku bar ta, ni ma da furfurata har yau soro nake cewa."

Malama ba ta yi dariya ba. Ba ta san da wannan layin ba, ba ita ta ce a rubuta ba. Ta tsaya tana kallon ƙyallen, hawaye yana bin hijabinta.

Madam ta ce, "Malama aka rubuta. Wace ce malamar?"

"Ni ce, ranki ya daɗe."

"Ke malama ce, kike raba mana ruwa tun safe?"

Malama ta ciro wasiƙar ta miƙa. Ta ce, "Katina yana can a teburin rajista."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da Hajiya Khadijatu ta shige. Ta ce, "Haba Malama, me ya sa ba ki faɗa ba?"

Malama ta ce, "Na fara, Hajiya."

Iyakar abin da ta ce ke nan.

Madam ta tura mata abin magana. "Gaya mana labarin farantin nan."

"Da Turanci?"

"Da abin da kike koya musu da shi."

Malama ta ɗaga farantin ta nuna baƙin gindinsa. Farko muryarta tana rawa. Ta faɗi yadda take shafa fentin, da dalilin da ya sa ba a rubutu a tsakiya. Ta ce akwai wadda da ta zo ba ta san alli ba, ta ɗauka na ci ne, yanzu tana karanta allon kantin magani tun daga kan titi. Ta ce akwai wadda ta karanta wa kakarta takardar asibiti, ashe sau biyu aka ce a sha maganin, ita tana sha sau huɗu. Matan da suke rubutu ɗazu suka koma rubutu, amma yanzu maganarta suke rubutawa.

Sai ta juya wajen Madam. "Ranki ya daɗe, saura kwana tara a rufe mana ƙofa. Takarda ake nema, mai sa hannunki. Na zo ofis sau uku."

Madam ta dube ta. Sannan ta ce, "Iyayensu sun sani?"

"Wasu sun sani. Wasu ba su sani ba."

"To ga sharaɗina. Zan ba ki takarda. Amma karatu ba zai dawwama a gindin faranti ba. Ki bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ki gaya musu. Gidan da ya yi miki nauyi, ki kira ni mu je tare. Na san yadda ake gaida tsofaffi."

Ta juya bayan wasiƙar gayyatar, ta yi rubutu, ta sa hannu, ta rubuta lambarta. "Litinin ki nuna wannan a bakin ƙofar ofishina. Babu benci."

Mata suka taso da wayoyi za su ɗauki hoton ƙyallen. Malama ta tare da hannu biyu, ta ce don Allah kar a ɗauka, sunayen 'ya'yan mutane ne. Aka mayar da wayoyi. Kun ga matar da ta kasa cewa uffan da safe.

Hajiya Khadijatu kuwa da ƙafarta ta je ta ɗauko katin, ta rataya wa Malama a wuya. Da aka zo cin abinci ita ta kawo mata nata, har da tambayar ko tana son ƙarin nama. Malama ta zauna a layi na biyu har aka tashi. Ta ce ta koyi abubuwa da yawa, har an saka ta a wani zauren waya na malamai mata, kuma wasu biyu daga Zungur sun tambaye ta irin fentin.

Litinin aka ba ta takarda mai hatimi. Malam Mansir ya karanta sau biyu, ya buɗe durowa ya ciro makullin aji uku ya ba ta. Ya ce, "Baranda akwai rana."

Yanzu 'yan tallan su goma sha tara ne, a kan benci suke zama. Bayan sati biyu wani mai keke ya kawo kwalin alli da littattafai, ya ce daga wata Hajiya, ba ta faɗi suna ba. Kowa ya san ko wace ce.

Farantin ya koma wurin mai shi. Ranar Malama ta rubuta kalma ɗaya a allo, babba, ta ce kowa ta kwafa sau goma: tsoro. Ba ta dubi kowa ba, murmushi kawai take yi. Yarinyar ta sunkuyar da kai. Har yau in ina sauri sai na manta da t ɗin... ita yarinyar nake nufi.

Gidaje kuwa Malama tana bi. Ta shiga goma sha ɗaya. Tara sun yarda, ɗaya ya ce zai yi tunani, ɗaya Madam ce ta je da kanta kafin aka yarda. Layin su yarinyar ne ya rage. Malama ta ce cikin satin nan za ta zo, bayan la'asar. Ku taya yarinyar da addu'a Allah ya sanyaya zuciyar Goggo, don Goggo ba muguwa ba ce, faɗa ne kawai da ita.

Bari na rubuta darasin da sauri, mai wayar ta kusa dawowa daga markaɗe.

Darasi: Kar ka raina mutum don abin da ka gani a hannunsa, ba ka san me yake rubuce a ƙasa ba. Ke kuma 'yar'uwa, haƙuri yana da kyau, amma in ana shirin goge abin da kika sha wahala a kansa, ki buɗe baki ko muryarki tana rawa. Ku tura wa wasu, musamman malamai mata da iyayen 'yan talla, amma don Allah ban da sunana. Ku ce kawai wata ce ta... tsaya, ana sallama a soro. Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, sai ka matso kake ji. Goggo ta amsa. Wayyo Allah, yau ce ashe, bari na